Gadon Kwanuka a Bakin Tasha

Duk yarinyar da iyayenta suka kawo mini koyon sayar da abinci, abin da take so ta fara taɓawa shi ne wuƙa da tukunyar miya. Ni kuwa sai in ja hannunta zuwa gaban rumfa, in nuna mata gadon kwanuka, in ce nan ne wurin aikinki sai na ga kamun ludayinki. Nan take fuska ke canzawa. Wata ta turo baki, wata ta koma gefe tana danna waya, akwai ma wadda ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Hajiya Dije, shanya kwano ai ba abin koyo ba ne, ko ƙanwata ta iya." To ku matso, 'yan matana, ku masu ganin abin wasa ne. Na tsufa a bakin murhu, kuma abin da na gani shi ne tuwo daga wuta yake fitowa, miya ma haka, ba kasafai suke kwantar da mutum ba. Kwanon da za a zuba su shi ne abin tsoro, don shi ba ya hawa wuta, hannunku kawai ya sani.

A Malumfashi na koyi sana'ar, wurin Mama Saratu, wata Kirista 'yar Gozaki, ƙawar mahaifiyata tun suna 'yan mata. Ta taɓa yin girki a ɗakin shan magani na mishan kafin ta buɗe rumfarta, kuma daga can ta taho da halin da aka san ta da shi a garin: ba ta goge kwano da tsumma, ko na wane ne. Aikin farko da ta sa ni ba wanke-wanke ba ne, gini ne. Gara ta cinye ƙafafun tsohon gadonta na shanya, sai ta miƙo mini adda da dagi. Muka saro itacen darbejiya masu gwafa muka kafa, muka gitta sanduna, muka jera tsagaggen gora a kai da 'yar tazara, yadda ruwa zai tsiyaye amma cokali ba zai zurma ba. Na ce mata ga karan dawa can jibge a banza, me ya sa muke wahalar tsaga gora. Ta ce kara na rani ne, da ruwa ya sauka zai ruɓe ya yi baƙi, kwanon da kika sha wahalar wankewa ya kwashi warinsa. Tsayin gadon sai da ya wuce ƙugun babban mutum, saboda awaki da kaji, da kuma ruwan sama da ke dukan ƙasa ya fantsamo taɓo. A ƙarƙashinsa muka haƙa rami muka cika da tsakuwa da gawayi don kada ruwa ya kwanta ya tara ƙuda.

Jera kaya a kai kuma, kowane da halinsa, kamar 'ya'yan gida ɗaya. Kwanon silba ba shi da rigima, da rana ta taɓa shi ya bushe. Langa sai an kula da bakinta, inda fenti ya ɓare, nan ruwa ke maƙalewa ya zama tsatsa. Roba ita ce munafuka: za ki ga ta yi fes, ki shafa yatsa ki ji maiƙo, kuma ita ce ƙarshen bushewa. Ƙwarya ba ta son rana mai zafi, tsagewa take yi, wurinta gefen da inuwa ke fara sauka. Muciya da mara da maburgi kuwa rana suke so sosai, don itace na shan ruwa ta ciki, in aka mayar da su ɗaki da danshi sai baƙin fumfuna ya fito a tsaginsu. Ba a kife kwano daram, ana ɗan jingina bakinsa a kan sanda don iska ta shiga, in ba haka ba ya yini yana gumi a ciki. Ba a cusa wani cikin wani da lema. Cokula a kwando ake tsayar da su, mariƙi a sama, don mai ɗauka kada ya kama inda baki zai taɓa. Kuma mai kwashewa sai ta wanke hannu da sabulu tukuna, ko da yanzu ta wanke.

Maganar tsumma ita ce ta daɗe ba ta shige ni ba, don duk masu abincin garin kowace da tawul a kafaɗa. Wata safiya Mama Saratu ta ba ni sabon farin ƙyalle, ta ce in rataya a kafaɗa in yi ta amfani da shi yadda na ga suna yi, kwano kawai ban da shi. Da la'asar ta karɓe shi, ta tsoma a ƙwaryar ruwan ɗumi ta matse. Ruwan ya fito kamar kunun kanwa. Ta miƙo mini ƙwaryar.

"Ungo, Dije, shanye."

"Haba Mama!"

"Yo kin share zufa da shi, kin riƙe kunnen tukunya, kin goge benci, kin kori ƙuda, kin goge hannu bayan kin gaisa da mai mura. Ke kin ƙi sha. To don me za ki shafa wa baƙo a cikin kwanonsa?"

Ta watsar da ruwan a kwata ta koma tuƙin tuwonta.

Aure ne ya kawo ni Funtua. Maigidana yana noman masara a gonar gadonsu ta wajen Ƙarfi, ni kuma na sami rumfa a bakin tashar da manyan motoci ke lodin hatsi zuwa Kudu. Ranar da na je dubawa, ban kalli girman rumfar ba, rana na kalla. Bayan rumfar kwata ce ta bi, ga inuwar katanga, ga ƙuda kamar an gayyace su. Gabanta kuwa rana na sauka tun hantsi har la'asar. Don haka a gaba na kafa gadona, daidai inda mai wucewa zai fara gani.

A nan na haɗu da abin da Mama Saratu ba ta gaya mini ba, don ita rumfarta a cikin unguwa take, kowa ya san ta. A tasha, mai abinci in ta sayar ta ƙare, kife tukunya da kwanuka take yi a gaban rumfa. Direba ba ya tambaya, daga saman mota yake leƙowa, in ya ga an kife ya san babu, ya wuce gaba. Ni kuwa kwanukana a kife suke tun hantsi, alhali tuwo na tururi a ciki. Sai in ga mutum ya nufo ni da yunwarsa, ya hangi gadon, ya yi kwana ya shige rumfar maƙwabciyata Hajiya Binta. Na yi kira har murya ta dushe, amma mutum ya fi yarda da idonsa.

Hajiya Binta kuwa gwana ce, ba zan rage mata komai ba, miyar kukarta har yau ban kamo ta ba. Tana da wani shuɗin tawul a kafaɗa, in babban mutum ya zauna sai ta tsamo faranti daga baho, ta murza shi da tawul ɗin a gabansa har ya yi ƙara, sannan ta zuba. Su a wurinsu wannan karramawa ce. Wanda ya fi kowa son wannan karramawar shi ne Alhaji Garba, direban wata gingimari mai jigilar masara, dattijon tashar, wanda inda ya zauna nan sauran direbobi da 'yan dako ke zama. Tare yake tafiya da ƙanensa Sani, magidanci mai fara'a, suna karɓa wa juna tuƙi. Duk sanda Alhaji zai wuce ta gabana sai ya ɗaga murya don jama'a su ji.

"Hajiya Dije, har kin kife? Da hantsin nan? Kai, kasuwa ta yi albarka!"

"Ban kife ba, Alhaji, shanya ce. Ga tuwo nan da zafinsa."

Sau ɗaya ya taɓa zama a bencina, ranar da Hajiya Binta ta tafi suna. Na ɗauko masa kwano daga gado na nufi tukunya, sai ya tsayar da ni.

"Tsaya mana. Ba za ki ɗan goge ba? Ko ni ban kai a goge mini ba?"

"Alhaji, ka wuce a goge maka. Rana ce ta goge shi, ita kuwa ba ta share majinar kowa ba yau."

'Yan dako suka kwashe da dariya, Sani har da buga cinya. Alhaji bai ji daɗi ba. Ya ci rabi ya tashi, bai sake zama ba, sai tsokanar da ya ƙara wa gishiri. Sani ne kan zagayo shi kaɗai in yayan ya tafi masallaci, ya ce in ƙara masa man shanu, kada in gaya wa Alhaji. Mata 'yan'uwana sun ba ni shawara iri-iri: in mayar da gadon baya, in sayi tawul ko don ganin ido, in daina taurin kai. Na ƙi. Ciniki na tafiya da ɗingishi, amma masarar maigida na rufa asiri, ban rasa na cefane ba.

Sai shekarar da komai ya haɗu. Tsutsa ta shiga masarar tun tana ƙarama, ta cinye zuciyarta, maigida ya dawo daga Ƙarfi ya zauna a zaure ya yi tagumi, na san a bana rumfata ce rumbun gidan. Marka ta kankama, sama ta rufe, sai a wuni a kwana rana ba ta leƙo ba. Kwata ta cika ta tumbatso cikin tasha. Ana cikin haka amai da gudawa ya ɓulla a unguwanni, aka fara ɗaukar mutane a kwance zuwa asibiti, wasu ba su dawo ba.

A nan ne za ku gane ko kun iya shanya, lokacin da babu rana. Na ciro gadon daga waje na shigo da shi bakin rumfa, ƙarƙashin rufin kwano, kusa da murhu. Na ware babbar tukunya guda ba ta komai sai tafasa ruwa. In an wanke da soso da sabulu an ɗauraye, sai in jera kwanukan a kwando in kwarara musu tafasasshen ruwa, in kife su da zafinsu. Kwano mai zafi da kansa yake shanye lemarsa, kina kallo tururi na tashi ya bushe. Robobi duk na tattara na ɗaure a buhu, don ba su jure wannan ruwan kuma ba su bushewa. Itace jiƙaƙƙe ne, hayaƙi ya mayar da idanuna jajir, yatsuna duk sun sale. In kwanuka ba su bushe ba, ko mutum ya zauna sai ya jira, wasu su yi tsaki su tashi.

Duba-gari suka shigo tasha wata safiya suna rufe rumfunan abinci ɗaya bayan ɗaya, har da ta Hajiya Binta, sai kowa ya gyara. Wadda ta shigo tawa wata matashiya ce mai farin hijabi, ba ta da wasa. Ta leƙa baho, ta ɗaga kwano ta shafa cikinsa da bayan yatsa, ta duba ƙarƙashin gadon. Ta tambayi inda nake ɗebo ruwa. Sannan ta ce saura abu biyu, Mama: bokitan ruwanki ba su da murfi, kuma ƙuda na sauka a kan kwanukan bayan sun bushe. Ta ce in sami sabon yadi mai raga in riƙa lulluɓe gadon, ta ba ni maganin da ake ɗigawa a ruwa ta nuna mini yadda ake awonsa. Gaskiyarta ce, ni da Mama Saratu duk ba mu taɓa rufe gado ba. Na yi yadda ta ce, ta bar ni a buɗe. Ragar da kuke gani a kan gadon yau, daga wurin yarinyar nan na koya.

Na ɗauka shi ke nan na tsira, ashe da sauran aiki. An bar ni a buɗe, amma tsoro ya hana kowa cin abincin waje. Direbobi suka koma burodi da lemon kwalba, 'yan dako na ƙunso rogo daga gida. In tuƙa tuwo da safe, in mayar da shi gida da yamma mu ci, gobe in rage awo, jibi in ƙara ragewa. Buhun da nake ɗiba ya kwanta. Maigida ya ce, "Dije, hatsin da kike tuƙawa a tasha ba mai ci, shi yara za su nema nan gaba." Ban yi musu ba, don ba ƙarya ya faɗa ba. Na ce masa gobe zan je in kwaso kayana.

Washegari ban hura wuta ba. Na wanke babbar tukunyar tuwo, na kife ta a gaban rumfa, kifewar gaske, irin wadda kowa ya sani. Ranar ce kuma rana ta ga damar fitowa, don haka na fitar da gadon waje na shanya kwanukan duka, don ko gida za su koma ba zan ɗaure su da danshi ba. Na zauna a benci ina jiran su bushe, mai kurar da na yi wa magana ya zo ya tura mini kayan gida. Baƙin ciki nake ji ƙwarai, ba na ɓoye muku.

Wajen azahar na hangi wani dattijo yana tahowa a hankali yana dogara sanda, riga ta yi masa yawa. Sai da ya matso na gane Alhaji Garba ne. An kwana biyu ba a ga motarsu ba, mun ɗauka hanya ce ta riƙe su. Ya tsaya gaban gadon ya daɗe yana kallo. Muryarsa ba ta fita sosai.

"Hajiya Dije, har kin kife?"

"Yau kam na kife, Alhaji. Tashi zan yi."

Na tambaye shi jiki, na tambayi Sani. Ya sunkuyar da kai. Ya ce ciwon nan ya kama su a hanyar dawowa daga Kudu, su biyun, aka kwantar da su a wani gari ana yi musu ƙarin ruwa. Shi ya tashi. Sani a can aka binne shi. Na yi salati, na yi masa ta'aziyya, hawaye na zubo mini, don mutumin kirki ne Sani.

Alhaji ya ɗaga ragar, ya kai hannu zai ɗauki kwano, sai ya tsaya. Ya juya ya nemi buta da sabulu ya wanke hannunsa tas, ba wanda ya ce masa. Sannan ya ɗauki kwanon silba guda, ya juya shi, ya kara bayansa a kumatunsa ya ji zafin rana.

"Tun da aka sallamo ni ban iya cin komai a kwanon kowa ba, ko a gida sai in ga kamar da lema. A wannan nake so ki zuba mini."

"Alhaji, ban ko hura wuta ba."

"To hura. Ina zan je? Zan jira."

Ya zauna a bencin gaba, inda duk tasha ke ganinsa, kwanon a kan cinyarsa. Na buɗe tukunyar da na kife, na hura wuta, na tuƙa tuwo da ɗan garin da ya rage, na kaɗa miyar kuɓewa busasshiya. Mutane suka riƙa zuwa yi masa gaisuwar Sani, kowa ya zo ya same shi riƙe da kwano yana jira. Da na zuba masa, ya ci a gabansu har ya suɗe. Wani direba ya ce a zuba masa shi ma. Alhaji ya nuna masa buta da sandarsa, ya ce, "Wanke hannu, ka je ka zaɓo naka a can." Kafin la'asar na kankare ƙanzo. Mai kurar da na yi wa magana ya zo, na ba shi haƙuri ya koma.

Daga ranar ne aka fara abin da kuke gani yanzu kuna ɗauka haka aka saba, wato kowa ya wanke hannu ya ɗaga raga ya zaɓi kwanonsa da kansa. Baƙon direba in ya hangi kwanuka a kife zai yi kwana, 'yan dako ne ke ƙwala masa kira, "Dawo, Malam, nan ake ci!" Rumfar nan ita ta riƙe gidanmu har kaka ta zagayo. Hajiya Binta kuwa, kafin a buɗe mata rumfa, da kanta ta zo da adda ta ce in raka ta saran darbejiya. Shuɗin tawul ɗin ya koma na riƙon tukunya, har ya ƙone.

Ban san abin da ya kama Sani ba, ko ruwa ne, ko kwano, ko hannun wani, Allah ne masani, kuma kwanansa ne ya ƙare. Amma har yau in ina ɗiga man shanu a tuwo sai ya faɗo mini a rai. Ban gina bene da wannan sana'a ba. Abin da nake taƙama da shi guda ne: na ciyar da mutanen da ban san iyakarsu ba a bakin tashar nan, kuma ba a taɓa samun wanda ya zo ya tsaya gaban rumfata ya ce kwanona ne ya kwantar da ɗan'uwansa ba. In kun kai shekaruna kuna iya faɗar haka da bakinku, kun iya sana'a. Wuƙa tana nan, ba inda za ta. Yanzu ke mai turo baki, tashi ki wanke hannu, inuwa ta fara cin gadon, ki matsar da muciyoyin can gefen rana.